Yayana ya goge muryar Inna, yanzu kuma ya riƙe kwamfutar

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan uwana a cikin guruf ɗin nan, ko da yake na san duk wanda ya san gidanmu yana karantawa zai gane ni, to ya gane, na gaji. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san harkar kwamfuta, da kuma manyan da suka san yadda ake zama da babban wa. Raina a ɓace nake wannan rubutun, idan kun ga na yi kaushi a wani wuri ku yi min uzuri.

Ni malamar makaranta ce, ina aure a Rano, amma asalinmu 'yan Fammar ne ta ƙasar Kibiya. Fulani ne mu da suka daɗe da zama wuri ɗaya, shanun sun ragu, noma ya fi yawa. Ni ce auta a wajen mahaifiyarmu, Inna muke ce mata. Babban wanmu, wanda zan riƙa ce wa Yaya a nan, shi ne ɗanta na fari, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba a gidan. Ya girme ni nesa ba kusa ba, 'yarsa ta fari ma kusan sa'ata ce, don haka ban tashi ina musu da shi ba.

Shekarun baya da na samu wata laftof ta hannu sai na tsiri wani abu. Duk hutun da na je gida sai in zauna da Inna in kunna rikodin a waya, ta yi ta ba ni labari, idan na koma Rano in tura a kwamfuta in goge na wayar saboda wuri. Da farko ƙi ta yi, wai ita ba ta hira da ƙarfe, daga baya kuma ita ce ke tambayata ko na kunna, kada ta yi ta zuba a banza. Ta ba ni labarin tasowarsu, wuraren da suka yi mashekari, sunayen kakanninmu har inda ta sani, sunayen shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya, da waƙoƙin daka da na raino da Fulatanci waɗanda ko yayyena mata ba su iya ba. Akwai wani bidiyo ma da ake mata kitso a tsakar gida tana ba da labarin ranar da saniya ta bi wani mai neman aurenta, tana dariya har tana share hawaye.

Amma akwai guda ɗaya da ya fi duka, kuma shi ne ya sa ni a wannan halin. Duk wanda ya san Fulani ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, ko mai irin sunansa ne ya shigo gidan sai ta laƙaba masa wani. "Wancan" take ce masa. Idan ya shigo gaishe ta gefe take kallo, ta amsa a gajarce, mu kuwa ta yi ta jan mu da hira. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarmu ta wajen uba, can ya tashi. Shi kansa ya san al'ada ce, amma sanin abu daban, yadda yake zama a rai kuma daban. Na sha jin yana cewa mu ne 'ya'yan Inna, shi ɗan rakiya ne, a yi dariya a tashi, ni dai na san ba dukan maganar ce wasa ba.

Wata rana da hantsi, gidan ba kowa an tafi gona, ina ɗaukar labarin wata shekara da aka yi ƙyanda, sai kawai Inna ta ɗauko maganarsa da kanta. Ta ce yana wajen kaka ƙyandar ta kama shi, ita kuma ba halin ta je ta zauna a kansa, a ce ba ta da kunya. Sai ta riƙa ɗaukar ƙwaryar nono kamar za ta talla, ta zagaya bayan danga ta tsuguna tana leƙensa ta tsakanin kara, har rana ta take, ta dawo da nonon ta ce yau ba kasuwa. Da ta ga jikin ya yi tsanani, ana ta jiƙe-jiƙe ba sauƙi, sai ta faki idon mutane ta goya shi, ta lulluɓe da zane, ta taka da ƙafarta har asibiti a Rano. Ta ce ta sha habaici a bakin rijiya kan wannan abin, har aka yi shekara ana nuna ta. A cikin labarin nan ta kira sunansa, sunansa na yanka, ta sake kira. Ni kaina ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da ta gama sai ta kama hannuna ta ce, "Wannan ajiya na ba ki. Kada ya ji ina da rai, ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ranar da aka kai ni makwancina, ki kunna masa." Na ce na ɗauka, Inna.

Kafin wani ya fara min wa'azin me ya sa ban yi kwafi ba, to na yi. Na sayi filash mai kyau, na kwafe komai, na buɗe na tabbatar yana yi. Na yi tunanin inda zan ajiye shi wanda ba gida ɗaya da kwamfutar ba, saboda gobara ko ɓarawo, sai na ga duk duniya ba inda ya kai ɗakin Inna tsaro. Kun san jeren kwanukan tsofaffi, wanda tun na aurensu yake nan ba mai taɓawa. Na naɗe filash ɗin a ƙyalle na sa a kwallar can ƙasa, inda take ajiye 'yan kunnenta na azurfa da turaren da ta zo da shi daga Makka. A gidanmu ko jikokin da suka fi kowa ƙiriniya ba sa zuwa kusa da jeren nan, don sun san sauran.

Bara da damina Inna ta faɗi, hawan jini, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tana ji, tana gane mutane, tana motsa hannun hagu, amma ko ruwa ba ta iya cewa a ba ta. Likita bai ba mu wani fata ba cewa maganar za ta dawo. Daga ranar nan abin da na tara ya tashi daga abin nishaɗi, ya zama shi kaɗai ne muryar uwata da ta rage a duniya. Idan kewarta ta dame ni, alhali ga ta nan da ranta, sai in kunna in ji tana min faɗa kan ban iya dama fura ba.

Watan da ya wuce laftof ɗin ta fara iskanci. Ta daɗe kafin ta tashi, tana wani ƙas-ƙas a ciki kamar ɓera ya samu gyaɗa, wani lokaci fuskar ta koma shuɗiya ta mutu. Na kai wa wani mai gyara a nan Rano, ko gama bayani ban yi ba ya ce bairos ne, fomatin zai yi mata ta dawo sabuwa fil. Wallahi da na ɗan juya baya na amsa waya da ya gama da ni. Na fizge kayata na fito. Ni ban san wa ya koya wa masu gyaran nan cewa maganin kowace cuta shi ne a goge komai ba, kuma ba sa ko tambayar mutum me yake da shi a ciki. Malamin kwamfuta na makarantarmu ne ya saurari ƙarar ya ce had-dis ɗin ciki ne yake mutuwa, in daina kunna ta sam, kowace kunnawa rage mata kwana take, idan za a kunna to a kunna don kwashe kaya kawai. Na ce masa ba komai, ai ina da filash a gida, hankalina kwance.

Na je Fammar, na gaida Inna, na sauke jeren nan a hankali har na kai kwallar ƙasa. Ga 'yan kunne, ga turare, ga ƙyallena a warware, ba filash. Na zazzage komai, na sake zazzagewa. Na fita na tambayi matar Yaya, sai ta ce au, wannan ɗan abin, ai ga shi can a jikin rediyo. Jama'a, akwai wata 'yar rediyo mai caji da Yaya ya ajiye a saitin kan Inna tun da ta kwanta, tana karatun Alƙur'ani safe da yamma. Wata da watanni ina zuwa ina zama kusa da rediyon nan ina sa wa Yaya albarka, ban taɓa leƙa abin da ke soke a bayanta ba. Ashe ranar da Inna ta faɗi, ana neman katinta na asibiti aka sauke jeren, ya ga filash ɗin ya sa a aljihu. Ranar kasuwar Kibiya ya kai wa mai turi, irin masu tura wa mutane karatu da finafinai ɗin nan, ya ce a cika masa da karatu. Matar tasa da bakinta ta gaya min mai turin ya ce masa akwai kaya a ciki, shi kuma ya ce tarkacen yaran nan ne, a goge. Aka goge, aka cika shi har baki. Daga baya malamin makarantarmu ya ce tunda an ɗora wani abu a kai har ya cika, in cire rai da dawo da na da.

Ban san lokacin da na samu Yaya a zaure ba, yana tare da baƙi. Ban zage shi ba, Allah ne shaidata, amma na ɗaga murya. Na ce abin da ba kai ka ajiye ba me ya kai ka ɗauka, an ce maka akwai kaya a ciki, waya ce babu a hannunka da ba za ka kira ka tambaya ba? Ya ce ɗakin uwarsa ne, kuma tun kafin a haife ni yake shigarsa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda aka juya maganar. Kafin la'asar duk dangi sun ɗauka cewa wai auta tana rigima don an goge waƙoƙi an sa wa Inna Alƙur'ani. Ku ji fa, ni da duk zuwan da zan yi sai na zauna na yi mata karatu da bakina. Filash ne ya ƙare a kasuwar Kibiya da ba zai sayi sabo ba? Goggonmu har kirana ta yi a waya tana min nasiha, wai in ji tsoron Allah, kada boko ya ɓatar da ni. Shi ya yi ɓarnar, shi ake yi wa sannu, ni kuma aka bar ni da sunan mara kunya.

A cikin faɗan ne na lissafa masa abin da ya goge, har da waƙoƙin da bidiyon kitso, na kuma ce Allah ya sa akwai su duka a kwamfuta, kuma wannan karon a intanet zan ɗora inda hannun kowa ba zai kai ba. Nan fa ya samu abin riƙewa. Ya ce Inna ta je Makka ta dawo, ta daɗe da barin waƙa, yanzu tana kwance tana jiran ta Allah, ni kuma na tara mata abin da zai bi ta kabari. Ya ce bidiyon uwarsa ba ɗankwali ba zai hau intanet ba yana numfashi. Na yi masa bayani cewa akwai ma'ajiya ta sirri da ake kullewa da fasuwod, ba wai watsawa zan yi duniya ta gani ba. Ya ce asusun banki ma da ake kullewa ana shiga a kwashe. A wajensa intanet duk ɗaya ne, da ka ɗora abu to ka ajiye shi a tsakiyar kasuwa.

Bayan kwana biyu ina makaranta, Yaya ya hau babur ya zo har Rano ya samu maigidana ya ce a ba shi kwamfutar. Shi kuma bawan Allah, don kunyar yayan matarsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko ya miƙa masa da hannu biyu, har da caja, har da rakiya bakin titi. Da na dawo na tambaye shi, wai me zai ce wa babban mutum da ya tako har gida. Na ce sai ka ce masa mai kayan ba ta nan mana, wannan ma sai an koya maka? Kwamfutar da aka ce ko girgiza ta kada a yi, an ɗaure ta da roba a bayan babur an bi da ita ta Kibiya har Fammar. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Har yau ban iya sakar wa maigidan nan fuska ba, abinci kawai nake ajiye masa in wuce.

Yanzu ga sharaɗin da Yaya ya kafa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in zo in buɗe masa, don akwai fasuwod, mu zauna ni da shi ya saurari komai ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ga ya dace, kamar sunayen kakanni, a ajiye, sauran a goge a gabansa. Idan ban zo ba, ranar kasuwa zai kai wa mai turin nan ya buɗe masa, kuma kun san yadda mai turi yake buɗe kwamfuta, fomatin zai yi mata. Na ce masa Yaya, kwamfutar nan ba ta da ran da za a zauna ana sauraro a kanta, tana iya mutuwa muna tsaka da ji. Ya ce idan ta mutu kwananta ne ya ƙare. Na ce to akwai guda ɗaya da ba zai yiwu ka ji ba, amana ce Inna ta ba ni. Sai ya yi wata irin dariya ya ce dama ya sani, wato na zaunar da tsohuwa na sa ta yi min wasiyya da 'yan shanun da suka rage, shi ya sa nake ta haƙilo. Wannan maganar ce ta sa ni kuka a gabansa, kukan takaici. Ni da nake riƙe masa abin da ya fi shanun nan gaba ɗaya, ni yake wa kallon ɓarauniya. Sirrin Inna ya zo har bakina, na haɗiye shi, na ɗauki jakata na fita.

Jiya na koma wajen Inna. Na jira ɗakin ya zama daga ni sai ita, na rage muryar rediyon, na matso na gaya mata komai. Na ce Inna ki sauke min alkawarin nan, ki bar ni in kunna masa yanzu, idan kin yarda ki matsa hannuna. Na sa hannuna a cikin nata na hagu. Ta daɗe tana kallona, hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne. Ba ta matsa ba. Sai ta zare hannun, ta lalubo gefen mayafinta da ƙyar, ta ja shi ta rufe fuskarta. Ban sani ba ko a'a take nufi, ko kuwa kunyar ce kawai ta taso mata, amma dai ba ta matsa hannuna ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ta matsa ba.

To masu ilimin kwamfuta, ga inda nake buƙatarku, kuma don Allah a yi min bayani da Hausa, a gajarce, kada a cika ni da turanci. Dama ɗaya nake da ita, wataƙila ma kunnawa ɗaya. Gidan ba wuta, batirin ba ya daɗewa, sabis ɗin Fammar kuwa sai ka fita bayan gida ka ɗaga waya sama. Malamin makarantarmu ya ce da ta tashi in fara kwafe mafi muhimmanci, kuma a wuri biyu, ɗaya a hannuna ɗaya nesa da ni. To me zan saya? Filash biyu, ko had-dis na waje, ko in tura a wayata kai tsaye? Ta yaya ake gane filash na gaske, tunda an ce akwai na jabu da zai nuna maka ya kwafa, ranar da ka buɗe ka tarar ba komai? Idan na samu na kwafa, ma'ajiyar intanet ɗin nan da gaske amintacciya ce, ko Yaya yana da gaskiya a nan? Idan na manta fasuwod fa, ko ni ce na riga Inna tafiya, wa zai buɗe? Ni dai hanya ɗaya nake so mai sauƙi, wadda ba sai na dogara da mai gyara ko mai turi ba, kuma wadda wani ba zai tsinta ya ce tarkace ne ba. Na ga abin da ɓoyo a wuri mai tsaro ya jawo min.

Manya kuma, ku gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Na yi tunanin in soka filash ta gefe in bar shi yana kwafa yayin da Yaya yake sauraron sunayen kakanni, tunda ba zai gane ba, amma wannan yaudarar babban wa ce, kuma ranar da ya gano shi ke nan tsakaninmu. Idan na ƙi zuwa, mai turi zai goge komai. Idan na je na kunna masa duka, na ci amanar matar da ba ta da bakin da za ta ce min don me. Idan na tsallake wannan guda ɗayan, zai ce lallai wasiyyar ce, a goge ta a gabansa, kuma da hannuna zai sa in danna. Mutumin nan ya ɓata min rai fiye da yadda zan iya rubutawa, ko muryarsa ba na son ji a yanzu, kuma duk wannan faɗan da nake yi da shi, kayansa nake ƙoƙarin tsare masa daga hannunsa. Jibi ne Juma'ar. Don Allah me zan yi?